Idan Addu'a Ta Yi Jinkiri, Wa Ake Zargi? Fashin Baƙi Kan Aljanu da Amsar Addu'a a Majami'un Gombe

Duk wanda ya taɓa zama a sujadar Lahadi a Billiri ko Kaltungo, ko a ɗaya daga cikin majami'un Hausa na cikin garin Gombe, ya san lokacin da mai jagorar sujada yake tambaya, "Akwai mai shaida?" Sai ka ga wata uwa ta gyara ɗaurin zaninta na Zumuntar Mata ta fito gaba. Ta ɗauko waƙa, jama'a su amsa, sannan ta ce shekara shida tana neman haihuwa, ga shi yau da goyo a bayanta. Wani ya tashi ya ce kububuwa ce ta sare shi a gona, aka kai shi asibitin Kaltungo rai a hannun Allah, ga shi tsaye da ƙafafunsa. Majami'a ta ɗauki guɗa da "Yabo ga Ubangiji". Ina ƙaunar wannan lokaci, kuma na gaskata Allah ake yabo a kan abin da ya aikata da gaske.

Sai dai na daɗe ina lura da waɗanda ba sa tashi. A benci na uku akwai matar da ta fi shekara goma tana roƙon abu ɗaya, har yau shiru. Akwai uban da ɗansa yake yanke jiki ya faɗi yana kumfar baki. Su ma sun yi addu'a, sun yi azumi, ba su fasa ba da zakka da baiko ba. Idan aka tashi, a bakin ƙofa wani zai matso ya rage murya ya ce, "Mama, wannan abu ba haka kawai ba ne, akwai hannu a ciki." Daga wannan magana ake shiga zancen aljanu. Shi ya sa a ganina shigar aljanu da amsar addu'a igiya ɗaya ce ta ɗaure su a rayuwar ikkilisiya. Majami'ar da ba ta tanadi wurin zama ga addu'ar da ta yi jinkiri ba, dole ta nemo wanda za ta ɗora wa laifi, ko aljani, ko maƙwabci, ko shi mai roƙon kansa.

Da wuya ka sami Kirista a Gombe, ɗan ECWA ne ko Katolika ko Angilika ko Baptis ko ɗan Fentikos, da zai ce maka babu aljanu. Bisharu cike suke da labarinsu. A Markus sura 5 ga mutumin ƙasar Garasinawa da ke zaune a makabarta, yana tsinka sarƙoƙi, yana yanka jikinsa da duwatsu, har aljanun da ke cikinsa suka koma cikin garken aladu wajen 2,000. A Ayyukan Manzanni sura 16 ga baiwar nan ta Filibi mai duba, wadda iyayengijinta ke cin riba da ita sai da Bulus ya tsawata wa ruhun. Wani masanin tauhidi Bajamushe, Rudolf Bultmann, ya ce a 1941 wanda ke kunna wutar lantarki da rediyo, yana kuma zuwa wurin likita, ba zai iya ci gaba da yarda da duniyar ruhohi ta Sabon Alkawari ba. Maganar ta yi tasiri a jami'o'in Turai, amma a nan ba ta sami gindin zama ba. Nas ɗin da ta kwana tana ɗaura wa marasa lafiya ruwa, ita ce za ka tarar da asuba tana jagorar addu'a gāba da ikon duhu, ba ta kuma ga wani saɓani a ciki ba.

Tarihinmu ne ya sa haka. Kafin bishara ta iso, kakanni a ƙasar Tangale da Waja da Tula da Dadiya sun san akwai Allah Maɗaukaki, Tangale suna ce masa Yamba, amma harkar yau da kullum da ruhohi na kusa ake yin ta, na dutse da na kurmi da na kakanni. A ƙasar Hausa kuma ga bori da iskoki, ga boka, ga tsoron maye mai kama kurwa. Lokacin da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), John Hall da Gordon Beacham, suka zauna a Kaltungo a 1917, mutanen da suka tarar ba su bukatar a koya musu cewa akwai mugayen ruhohi. Abin da suke so su sani shi ne wa ya fi ƙarfi. Masu tuba na farko sun fito da layu da guraye da kayan tsafi sun ƙona a bainar jama'a, dangi suka zuba ido su ga ranar da za su mutu, kwanaki suka wuce ba su mutu ba. Wannan wa'azi ya ratsa ƙauyuka fiye da dogon bayani.

Akwai kuma batun kalma. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara kammala fassararsa a 1932 aka kuma sake shi a 1979, ya ɗauki kalmomin da ya tarar a bakin mutane, wato aljani da Shaiɗan da Iblis. To, kalmar aljani da kayanta ta shigo. A fahimtar Bahaushe ta yau da kullum, mutanen ɓoye al'umma ce kamar tamu, akwai na kirki akwai mugaye, suna aure suna haihuwa, suna zama a tsamiya ko kuka, ana iya lallashinsu a ba su abin da suke so su bar mutum. A Sabon Alkawari kuwa babu aljanin kirki. Dukansu rundunar Shaiɗan ne, ba a ciniki da su, umarni ake ba su. Kiristan Gombe yana ɗauke da hotunan nan biyu a kansa, sau da yawa bai ma san ya gauraya su ba.

Majami'un da suka fito daga mishan, irin su ECWA da ta tsaya da ƙafafunta a 1954 da COCIN mai ƙarfi a wajen Tafawa Balewa da Bogoro, sun gaji tsari mai nutsuwa. Wa'azi, nazarin Littafi, makaranta, ɗakin shan magani. Ba su musanta aljanu ba, amma ba su bar wa fasto wata tsayayyar hanya ta abin da zai yi idan an kawo masa mace tana ihu da wata murya da tsakar dare ba. Wani ɗan mishan da ya yi aiki a Indiya, Paul Hiebert, ya bayyana wannan giɓi a 1982. Ya ce Baturen mishan yana da amsa a kan Allah da lahira, yana da amsa a kan ƙwayar cuta da magani, amma abin da ke tsakani, wato tsoron sammu da jifa da mugun mafarki, ya bar shi ba amsa. Mutum kuwa ba ya zama da tsoro haka nan. Idan bai sami amsa a majami'a ba, da dare zai lallaɓa wurin boka.

Cikin wannan giɓi ne majami'un Fentikos suka shigo, musamman daga shekarun 1970, da farko ta hannun ɗalibai a makarantun sakandare da jami'o'i. Suka ce ikon da Yesu ya ba almajiransa bai ƙare da mutuwar manzanni ba. Wasu suka mai da kuɓutarwa babban aikinsu, kamar majami'ar MFM (Mountain of Fire and Miracles) da Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989. Yau salon ya wuce bangon majami'unsu. Kwanan addu'a, azumin farkon shekara, tsawata wa ruhohi da babbar murya, duk za ka same su a ƙungiyoyin matasa na majami'un mishan. Masu sukar gidajen addu'a su tuna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane sun tafi can ne domin a can aka saurari tsoronsu ba a yi musu dariya ba.

Ainihin gardamar tana kan tambaya ɗaya: shin aljani zai iya shiga mai bi na gaskiya?

Ɓangare na farko ya ce a'a. Hujjarsu ita ce jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kamar yadda 1 Korintiyawa 6:19 ta koyar, kuma 1 Yahaya 4:4 ta ce wanda ke cikinmu ya fi wanda ke duniya girma. Shaiɗan yana iya jarabtar mai bi, ya tsananta masa, ya ruɗe shi, amma ba ya iya tarewa a gidan da Mai Gida yake ciki. Yawancin malaman majami'un mishan a nan suke. Kada kuma a ɗauka duk 'yan Fentikos suna ɗaya gefen, domin Assemblies of God ta Amurka ta fitar da matsaya tun 1972 cewa aljani ba ya mallakar wanda aka sāke haifa.

Ɓangare na biyu ya ce an yi kuskuren fahimtar kalmar Helenanci da Bisharu suka yi amfani da ita, daimonizomai. A wurinsu ba mallaka take nufi ba, tana nufin kasancewa ƙarƙashin tasirin aljani, kuma tasiri mataki-mataki ne. Derek Prince, mai wa'azi ɗan Ingila da ya rasu a 2003, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan ra'ayi. Suna kafa hujja da matar nan ta Luka sura 13 da ta yi shekara 18 a tanƙware, wadda Yesu ya kira 'yar Ibrahim, ya kuma ce Shaiɗan ne ya ɗaure ta. Daga nan aka gina koyarwar la'anar gado, da ƙofofin da zunubin kakanni ya buɗe, da mijin ruhu. Abin lura, wannan mijin ruhu shi ne namijin dare da maƙwabtanmu Musulmi ke kai kukansa wurin masu ruƙya. Damuwa ɗaya ce, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, iyalai daga kowane ɓangare sukan ƙetara su gwada na ɗaya gefen a asirce.

Ni dai a batun la'anar gado na fi karkata ga ɓangare na farko. Masu koyar da ita suna karanta Fitowa 20:5, inda aka ambaci alhakin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu, amma ba kasafai suke haɗawa da Ezekiyel 18:20 ba, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, ko Galatiyawa 3:13 da ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana. Mutumin da aka yi wa baftisma shekara 30 da suka wuce, a ce masa har yanzu tsafin kakansa yana riƙe da shi sai an sake kuɓutar da shi duk wata, an rage masa darajar gicciye ke nan. Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya taɓa riƙe muƙamin babban sakataren ECWA, ya kuma rasu a 1975, ya yi ta gargaɗi a kan gauraya bishara da tsohon addini. Idan na ga ana zaunar da aljani ana yi masa tambayoyi na tsawon awa, sunanka wa, wa ya aiko ka, me kake so, ana kuma karɓar amsarsa a matsayin gaskiya, sai gargaɗin nan ya faɗo mini. Wannan ya fi kama da girka a gidan bori. Yesu da kalma ɗaya yake fitar da su, yakan ma hana su magana. Kuma wanda Yahaya 8:44 ta kira uban ƙarya, ta yaya za mu mai da yaransa shaidu a kan maƙwabtanmu?

Cocin Katolika, wanda Dayosis ɗinsa na Bauchi ya haɗa har da Gombe, yana da tasa hanya, kuma akwai abin koyo a ciki. Tsarin addu'ar fitar da aljanu a rubuce yake tun 1614, aka sabunta shi a 1999. Doka ta 1172 cikin dokokin cocin ta hana kowane fada yin wannan aiki sai da izinin bishop. Katekism kuma, wato littafin koyarwar cocin, a sakin layi na 1673, ya ce a fara tabbatarwa cewa ba ciwo ba ne, musamman ciwon ƙwaƙwalwa, domin wannan aikin likita ne. Wasu suna ganin jan ƙafa ne. Ni ina ganin tsoron Allah ne a kan ran ɗan'adam.

Rarrabewar nan ba ƙirƙirar zamani ba ce. Matiyu 4:24 ya jera waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Marubucin da ya rayu kusan shekara 2,000 da suka wuce ya san ba duk mai faɗuwa ne mai aljani ba. Gaskiya ne a Markus sura 9 akwai yaron da alamunsa suka yi kama da farfaɗiya, Yesu kuma ya tsawata wa ruhun da ke tare da shi. Ai Yesu ne, ya san abin da ke gabansa. Mu kuwa, a cikin baye-bayen Ruhu da Bulus ya lissafa a 1 Korintiyawa sura 12 akwai baiwar rarrabe ruhohi, kuma ita ce aka fi ƙarancin roƙo a cikinmu. Kowa yana so ya fitar, kaɗan ne ke so su tsaya su gane.

Bari in faɗi abin da idona ya gani. A unguwar da na taso akwai wata yarinya, 'yar maƙwabtanmu, da ta fara faɗuwa tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ranar farko aka cusa mata cokali a baki har haƙori ya karye, wata tsohuwa ta kara ƙafarta a wuta wai don ta farfaɗo. Yara suka daina cin abinci da ita domin an ce yawunta yana yaɗa ciwon. Aka kai ta wani gidan addu'a a bayan gari, aka sa ta azumin kwana uku, mai gidan ya ce ruhu ne daga dangin uba. Maganar ta koma ƙauye, aka fara nuna kakarta da baki. Shekara biyu yarinyar ba ta je makaranta ba. Wata nas a Zumuntar Mata ce ta dage, ta ce wa uwar, "Yaya, ba na hana ki addu'a, ni ma ina yi mata. Amma gobe ki shirya ta, ni zan raka ku asibiti." Da likita ya bi tarihi, sai ga shi ta yi sanƙarau tana jaririya. Aka ɗora ta a kan maganin da ake sha kullum. Faɗuwar ta ragu, daga baya ta ɗauke. Tabon wutar yana nan a ƙafarta har yau, kakar kuma ta rasu ba wanda ya je ya nemi gafararta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su magani daidai. Musabbabansa duk muna da su a nan: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, doguwar naƙuda, buguwar kai a haɗarin babur, har da tsutsar alade da kan kai ƙwaƙwalwa. Ba ya yaɗuwa ta yawu. Mai faɗuwa kwantar da shi ake yi ta gefe, ba a sa masa komai a baki, idan ya wuce minti biyar a garzaya asibiti. Haka mai ciki da ta kama jijjiga, hawan jini ne ke neman ranta da na ɗanta, kowane minti yana da tsada. Mai jego da ta rikice kwanaki bayan haihuwa, tana surutai tana ƙin jaririnta, ciwo ne sananne da ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, kuma yana jin magani. Saurayin da tiramadol da wiwi suka juya masa kai, da tsohuwar da ciwon mantuwa ya sa take fita da dare tana faɗin abin da ba ta sani ba, su ma sau da yawa sunan da ake ba su aljani ne ko maita. Tsohuwar nan idan aka matsa mata za ta amsa cewa ita ta cinye jikanta, domin ba ta ma san abin da ake tambayarta ba.

Ba na ɗora wa iyalai laifi. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna garuruwa masu nisa da mu irin su Maiduguri da Kaduna, asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi kuma ga nisa ga mutumin ƙauye, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani duk wata. Gidan addu'a kuwa yana bayan gida. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma mu da muke miƙawa, mu duba abin da ke hannunmu. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, a wuraren gwamnati da na gargajiya da na addini, na Kirista da na Musulmi. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Mu ko ba doka muna da Markus sura 5. Sarƙar da ke cikin labarin mutanen gari ne suka ɗaura ta. Bayan da Yesu ya gama, an tarar da mutumin a zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa, aka kuma sallame shi ya koma gida wurin danginsa. Duk hidimar kuɓutarwa da ta bar mutum a ɗaure, ko da tabon bulala, ko ta raba shi da danginsa, da wannan labari ya kamata a auna ta.

Kada a ji kamar na mai da komai ciwo. Na taɓa kasancewa a wurin da wani magidanci da ya daɗe a harkar tsafi ya kawo kayansa da kansa, jikinsa na rawa, ya ce shekaru bai yi barci mai daɗi ba. Dattawa uku suka ɗora masa hannu, ba ihu, ba kiɗa, suka yi addu'a cikin sunan Yesu, aka ƙona kayan a bayan majami'a. Abin da ya faru da shi a wannan yamma ban da wani suna da zan ba shi sai kuɓuta. Bayan haka ba su sake shi ba, wata da watanni suna koya masa Magana, domin sun san gargaɗin Matiyu sura 12 a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa.

Idan muka koma kan addu'a, a nan ne tushen matsalar yake. An koya wa mutane da yawa cewa bangaskiya kamar kuɗi ce, idan ta kai farashi dole a ba ka kaya. Idan ba a ba ka ba, to ko bangaskiyarka ta gaza, ko akwai zunubi a ɓoye, ko wani ruhu ya tare amsar a hanya, sai a ɗauko Daniyel sura 10 inda amsa ta yi jinkirin kwana 21. Ayoyin alkawari gaskiya ne, Yakubu 5 ya ce a kira dattawa su shafa wa marar lafiya mai su yi addu'a. Amma Littafin bai tsaya nan ba. Ayyukan Manzanni sura 12 ta isa misali. Hiridus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, sura ɗaya, manzo ɗaya ya mutu ɗaya ya fita. Masu addu'ar ma, da Roda, baranyar gidan da suke addu'a, ta ce ga Bitrus a bakin ƙofa, cewa suka yi ta haukace. Ina ƙarfin bangaskiyar da ya sayi wannan amsa? Bulus, wanda ya fitar da aljani a Filibi, sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon ciki, yana kuma yawo da Luka likita. Hezekiya da aka ƙara wa shekara 15, sai da Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Abokan Daniyel uku suka ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Ubangiji kansa a Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, bai kuwa wuce shi ba.

Turawa sun taɓa gwada auna addu'a kamar ƙwayar magani. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, an bi masu tiyatar zuciya 1,802, wasu ana yi musu addu'a daga nesa wasu ba a yi, ba a kuma ga bambanci a samun sauƙinsu ba. Sakamakon bai girgiza ni ba. Addu'a magana ce tsakanin ɗa da Uba, Uba kuwa yana da ikon cewa i, ko jira, ko a'a. Abin da ya fi damuna shi ne mu ma a majami'a mun fara auna ta da irin wannan mudu.

Gaskiya a shaida ita ma ibada ce. A Lurdes ta ƙasar Faransa, inda Katolika ke zuwa neman warkarwa tun 1858, an kafa ofishin likitoci mai bincikar duk wanda ya ce ya warke. Cikin fiye da 7,000 da aka rubuta, kimanin 70 kawai cocin ya amince a kira al'ajibi. Yesu ma da ya warkar da kuturu, cewa ya yi ya je ya nuna kansa ga firist, wato mai tantancewa na wancan zamani. Wanda ya ce an warkar da shi daga hawan jini ko sukari ko ƙanjamau, ya koma a gwada shi, kada kuma wani ya ce masa ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya yana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa. Batun sayar da mai da ruwa da hankici kuwa, ko sa farashi kafin a ga bawan Allah, Matiyu 10:8 ta gama magana, kyauta aka samu kyauta za a bayar, kuma a ayar da ta ce a fitar da aljanu ne aka faɗi haka.

Uwar yarinyar nan ta unguwarmu ta fito shaida bayan shekara guda ba faɗuwa. Ta gode wa Allah da ya ji kukanta, ta ce ta hannun 'yar'uwarta nas da ta hannun likita ya amsa mata, ta ɗaga ledar maganin sama don kowa ya gani. Na ji wasu a bayana suna cewa ai wannan ba al'ajibi ba ne. Kafin mai jagora ya rufe lokacin, wani dattijo da matarsa ta rasu watanni kaɗan kafin nan, bayan dukan majami'a ta yi mata azumi, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "'Ya'yana, mun roƙa a bar mini ita, Ubangiji ya ɗauke ta. Ba wanda ya yi mata komai, kada in ji an kama sunan kowa. Na tashi ne in gode domin shekara 41 da ya ba mu tare, da kuma matan nan da ba su bar tukunyata ta huce ba." Ba a yi guɗa ba. Shiru ya ɗan daɗe, sannan matar nan ta benci na uku, wadda ban taɓa jin muryarta a lokacin shaida ba, ta ɗauko waƙa, Zumuntar Mata suka amsa mata.